Sawun Da Ya Shiga Bai Fito Ba

Ko da Mai Sawu ya iso gidan hayar, ruwa ya fi awa guda da ɗaukewa, amma mutanen gidan suna nan cirko-cirko a kan baranda, babu wanda ya yarda ƙafarsa ta sauka daga siminti. Kowa ƙasa yake kallo, shi ma sai ya kalla.

Daga bakin barandar zuwa wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen tsakar gida, jar ƙasa ce wadda ruwan safiya ya lailaye sumul. A kanta ga sawun manyan takalma, layi guda, ya miƙe har bakin ƙofar ɗakin. Ƙofar a wangale take, ana hango tebur da kujera, babu kowa a ciki. Sawu ya shiga, sawu bai fito ba.

Sai ya ji tafin ƙafarsa yana ƙaiƙayi. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin sata, kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka, ya dawo gari yana gadin wurin sayar da katako. Rabonsa da tsugunawa gaban sawu shekara shida ke nan.

"Kawu," in ji 'yar ƙanwarsa, ta riƙo hannun rigarsa. Ita ta kira shi a waya. A kantin magani take aiki, amma a gidan nan, 'Yar Alƙalami ake ce mata, don shekara huɗu tana kulle kanta a ɗan ɗakin can tana rubuta littafi. "Duk an kwashe, Kawu. Littattafan rubutu goma sha ɗaya. Ba ni da wani kwafi a ko'ina."

"An kwashe, ko dai mai abu ya zo ya ɗauki abinsa?" Tela ne ya faɗa, abin awo rataye a wuyansa. "Tun farko na gaya mata, abin da aka binne ta bar shi a ƙasa. Ta ce ai labari ne kawai. To ga labari nan ya sa takalmi."

Mai Sawu karatunsa bai yi nisa ba, amma ya san abin da ke cikin littafin, don shi ma ya sha zama ya saurara. Labarin allolin dā ne, waɗanda aka daina bauta wa aka manta da su, wai yanzu suna zaune cikin gari a ɓoye suna neman abin kai wa baki kamar kowa. Na kogi yana tuƙa tankar ruwa. Ta hatsi tana aiki a injin niƙa, fari fat da gari. Duk ranar hutu da yamma yarinyar takan fito da kujera ta karanta wa mutanen gida, su yi ta tsorata suna cewa a ƙara. Karatun makon jiya bai samu zuwa ba.

"Me ta karanta muku?" ya tambaya.

"Mai Shiga," in ji Tela, ya rage murya. "Wanda a dā ake zuba wa hatsi a bakin ƙofa. Shi sawunsa shiga yake yi, ba ya fitowa. Gidan da ya shiga kuwa, sai wani a ciki ya fara mantuwa. Ya manta sunansa, ya manta 'ya'yansa, har hanyar bakinsa ya manta. Yau da safe matata ta zuba gishiri a shayi. Shekara tara muna tare, ba ta taɓa yi ba."

Wani ya yi dariya, amma dariyar ba ta sami abokiya ba.

Maigidan hayar ya yi gyaran murya. Mutum ne mai tumbi da tarin makullai a ɗamara. "Ni ban ce aljani ba ne, ban ce mutum ba ne. Amma ɗaki uku sun ce in tana nan su za su tashi. Uwarta mutuniyar kirki ce, ta zauna abinta. Ita yarinyar, rana na faɗuwa ta kwashe kayanta."

"In na nuna maka ƙafar mutum ce fa?"

"Kai kawunta ne, me za ka ce in ba haka ba? Ka kawo min mai ƙafar, in gan shi da idona."

* * *

Ya ari tsinken tsintsiya, ya bi ta jikin bango, ya tsuguna a gefen sawun. Gwiwar ta yi ƙara, bai kula ta ba.

Takalmin ruwa ne, dogon nan na roba, babba. Amma nauyin bai kai bakin takalmin ba, a tsakiya ya tsaya. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. Ya kwantar da kai kusa da ƙasa ya duba ɓarɓashin laka. Mai tafiya gaba, ta gaban yatsu yake watsa laka. Wannan duk ta bayan dunduniya ta zube.

Ba shiga aka yi ba, fitowa aka yi da baya.

Bai ji daɗi ba, don akwai abin da bai yi masa daidai ba. Ya ga ɓarayin shanu da yawa sun yi wannan dabara. Mai tafiya da baya takunsa gajere ne, layinsa a karkace, kuma duk bayan ɗan taku sai ƙafa ɗaya ta murɗe inda ya waiwaya. Wannan kuwa layi ne kamar an ja zare. Ƙafafu a ware, taku biyu, sai a haɗa ƙafa a tsaya. Taku biyu, a haɗa ƙafa a tsaya. Ko sau ɗaya ba a waiwaya ba. Ya auna da tsinken, ya sake aunawa, ya tashi, ya koma farko ya sake bi.

A cikin ɗakin, kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau, da makulli aka buɗe. Ƙarƙashin kujera akwai ɗan tafkin ruwa guda biyu, sun fara bushewa ta gefe. Wani ya shigo ana tsakiyar ruwa, ruwan ya wanke sawun shigarsa, ya zauna a kujerar nan har takalminsa ya tsane. Ɓarawo ba ya zama.

"Makulli nawa ne?" ya tambayi 'yar ƙanwarsa, wadda ta biyo shi ta jikin bango.

"Uku. Nawa, da na Maigida, da wani da ke rataye a ƙusa a ɗakinmu, ya yi tsatsa ma. Kawu, Tela ne. Sau biyu yana cewa da shi ne da ya cinna wa littafin wuta."

"Mai faɗa a gaban jama'a ba kasafai yake yi a ɓoye ba."

"To wa?"

"Ki je ki sha ruwa. Tun da na zo leɓenki a bushe yake."

* * *

Takalmin bai yi wuyar samu ba. Yana jingine a gindin famfo, jar laka a ƙasansa. Na Kumfa ne, mai wankin mota a ƙofar gida, dogon mutum mai hannuwa farare saboda sabulu.

"Nawa ne, Baba, amma da suna kawai," in ji Kumfa, yana matse soso. "Ranar ruwa duk gidan nan kowa ƙafarsa ɗaya da tawa. Mai zuwa banɗaki, mai kwashe shanya. Ni mai shi sai in fita da silifa."

"Ina kake da safe?"

"A kwance. Wa zai kawo wanki sama tana yi masa kyauta?"

"An ce kai kake zama a gaba in ana karatun."

"Ni na tankar ruwa nake so. Mutumin yana burge ni, kogi guda ne shi amma sai ya bi layi a famfo. Baba, in na saci littafin wa zai karanta min? Lambar mota ma da ƙyar nake haɗawa."

Mai Sawu ya nuna wani dogon benci da ke jikin bango. "Kama min wannan mu kai tsakar gida, anjima za a zauna."

Ya bar Kumfa ya kama gaban, don ya zama shi ne mai tafiya da baya. Taku huɗu Kumfa ya yi, ya waiwaya sau uku, ya buga dunduniya a dokin ƙofa, ya yi ashar ƙasa-ƙasa. Kuma ƙafarsa ta cika takalmin nan har da neman ƙari.

Ya mayar da bencin, ya je ya roƙi Tela. Tela ya tashi daga kan keke yana mita, ya kama, ya yi baya kamar kaguwa, ya ture bokitin matarsa.

"Wai benci ka zo bincike ko sawu?"

"Da safe kana ina?"

"A kan keken nan, ina da ɗinkin da za a karɓa. Ka ji, ni ban ɓoye ba, ba na son littafin. Sai ka kwanta ka yi ta jin kamar ana tsaye a bakin ƙofarka. Amma da ni na ɗauka, a tsakar gida zan ƙona shi kowa na gani." Ya tayar da bokitin matarsa. "Kuma ina so in ji yadda ta injin niƙa za ta ƙare."

Saura Maigida. A shagonsa na bakin titi Mai Sawu ya same shi, ya nemi ganin makullin.

"Ni kake tuhuma? A gidana?"

"An ce ka daɗe kana son ɗakin ka sa firiza."

"Ina so, ban musa ba. Amma sai na sa takalmin mai wankin mota kafin in karɓi ɗakina?" Ya kwance tarin makullan ya watsa a kan kanta. Sai da suka duba shida ɗaya bayan ɗaya kafin ya tuna ya ba ɗansa na ɗakin tun bara, ɗan kuma yana wata ƙasa yana karatu. Da zai ɗauko kwali a ƙasa, sai da ya dafa kanta da hannu biyu. Mutumin da ba ya ganin yatsun ƙafarsa ba zai ja layin can ba.

Mai Sawu ya fito titi, ya tsaya, ya koma ciki, ya sake fitowa. Inuwar gidan ta fara tsallaka kwata. Ya koma gaban sawun a karo na huɗu. Taku biyu, tsayawa. Taku biyu, tsayawa. Ya san ya taɓa ganin wannan tafiyar, amma ba a daji ba, kuma ya kasa tuna inda.

'Yar Alƙalami tana zaune a bakin ƙofarsu, ta fito da akwati ta buɗe, ba ta sa komai a ciki ba.

"Ina Innarki?"

"Ta tafi aiki. Na rana take yi wannan makon."

"Ta ji abin da Maigida ya ce?"

"Tun kafin ka iso ya fara faɗa, tana tsaye. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki jakarta ta fita. Ka san Inna, ba ta faɗa da mutane."

"Bari in je in taho da ita. Maigida yana jin nauyinta, ko ta roƙa ya ƙara kwana biyu."

* * *

A asibiti ƙanwarsa take aikin goge-goge, shekara ashirin da biyu. Aka nuna masa doguwar barandar ɗakin haihuwa. Ya tsaya a ƙarshenta, inda ba a jiƙa ba, ya hango ta can nesa ta ba shi baya.

Tana tahowa wajensa da baya, don kada ta taka inda ta goge. Sandar goge ƙasa ta tafi dama, ta tafi hagu. Ƙafafu a ware. Taku biyu, ta haɗa ƙafa ta tsaya, ta jawo bokiti. Taku biyu, ta tsaya. Akwai keken marasa lafiya a gefe, ta wuce shi ba ta waiwaya ba, kamar da ido a ƙeyarta.

Nan take Mai Sawu ya tuna inda ya san tafiyar nan. Ya so ya juya ya tafi, ya ce bai same ta ba. Amma ta riga ta iso, saura taku biyu ta taka shi.

"Tsaya nan, kada ki hau kaina."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Yaya. Ka taka min inda na goge?"

"Ban taka ba." Ya dubi ƙananan ƙafafunta. "Takalmin Kumfa ya yi miki yawa, ko?"

Ta tsoma sandar a bokiti, ta matse, ta sake matsewa, alhali babu sauran ruwa a jiki.

"Da na san kai za ta kira, da na share wurin da tsintsiya."

"Me ya sa ba ki share ba?"

"Na zauna ne, ban san ruwan zai ɗauke ba. Da na leƙo na ga ƙasa sumul, duk inda na taka za a gani. Sai maganar Mai Shigan nan ta faɗo min. Na ce bari ta tsorata, ta bar rubutun. Ita kaɗai na nufa, Yaya. Ban san gidan duka zai hau kanta ba."

"Me littafin ya yi miki?"

Yanzu ta juyo. Idonta ya yi ja, amma babu hawaye.

"Ba ka zo karatun makon jiya ba. Mutumin da Mai Shiga ya shiga gidansa. Ya riƙe cokali yana juya shi, ya rasa me ake yi da shi. Ya sa riga a juye ya zauna bakin ƙofa yana jiran uwarsa ta dawo daga kasuwa, uwar da ta rasu yana shekara bakwai. Wa ya yi wannan, Yaya?"

Ya sani. Mijinta ne, uban yarinyar, mai gyaran agogo. Shekara uku ciwon mantuwa yana cinsa kafin ya rasu.

"Shekara uku ina rufa masa asiri. Kai kanka sai da ka yi wata shida kafin ka gane. Da ya rasu na tashi daga unguwar, na zo inda ba wanda ya san shi, don ya kwanta da mutuncinsa. Sai ta ɗauko shi ta shimfiɗa a tsakar gida, ana ɓare gyaɗa ana saurare. Da aka zo wurin rigar, Tela har da riƙe ciki."

"Ba su san shi ne ba."

"Ni na sani."

Iska ta kaɗo hayaƙi daga bayan ginin, inda ake ƙona sharar asibiti. Mai Sawu ya shaƙa, ya juyo gare ta.

"Littattafan fa?"

"Bar ni in gama barandar nan."

"Kin ƙona?"

Ta sa sandar a ƙasa ta ci gaba da aiki.

"To ji nan," ya ce wa bayanta. "Rana na faɗuwa za su fitar mata da kaya. Zan nuna musu ƙafar mutum ce. Sunan mai ƙafar ba zai fito daga bakina ba, ciki ɗaya muka fito. Amma Maigida ya ce sai ya ga mutum da idonsa, kuma ban san abin da zan ce masa ba."

Ya bi ta gefen bango ya fita, don kada ya ɓata mata aiki.

* * *

Rana ta sauko kan katangar yamma lokacin da ya tara su. Maigida ya zauna a tsakiyar benci, Tela da matarsa a gefe, Kumfa a tsaye, sauran mutanen gida a kan baranda. 'Yar Alƙalami tana bakin ƙofarsu, akwatin a gabanta, yanzu rabinsa cike.

Mai Sawu ya sa Kumfa ya kwara bokiti huɗu a gefen tsohon sawun, ƙasa ta yi laushi. Ya ce ya sa takalminsa ya yi taku biyar gaba, sannan ya koma gefe ya yi biyar da baya.

"Kowa ya sauko ya duba. Ƙasa ce, ba ta cizo."

Suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna musu da tsinke inda laka take zubewa in an yi gaba, da inda take zubewa in an yi baya, sannan ya kai su ga sawun safe. Ba sai ya yi dogon bayani ba.

"Kai!" in ji Kumfa. "Ashe Mai Shiga mai fita ne."

Wannan karon dariyar ta kama. Matar Tela ta saki hannun mijinta. Mai Sawu ya ji kamar an sauke masa buhu, amma na ɗan lokaci ne.

"To madalla, mutum ne," in ji Tela. "Wane mutum? Wa ya fi kowa sanin labarin? Wa yake da makulli? Wa zai ci riba in aka ce abin cikin littafinta ya fito yana yawo? Ita ta yi, don littafi ya yi suna. Ta hana mu sukuni tun safe, matata har da kuka."

"Ni?" Yarinyar ta miƙe. "Shekara huɗu, in sace wa kaina?"

"Ina kantin maganin yake? Ba nan bayan layi ba, ki zo ki koma ba wanda ya gani?" in ji Tela.

Gunaguni ya tashi, kuma ya fi na safe muni, don yanzu ba tsoro ba ne, haushi ne. Maigida ya ɗaga hannu.

"Malam, ka yi ƙoƙari. Amma ni mutum na ce ka kawo min. Ka san shi ko ba ka sani ba?"

Mai Sawu ya dubi tsinken da ke hannunsa. A rayuwarsa bai taɓa bin sawu ya kai ƙarshe ya yi shiru ba.

"Na san shi."

"To wane ne?"

"Ba zan faɗa ba."

"Kun ji ko!" in ji Tela. "Wa kawu zai rufa wa asiri in ba 'yarsa ba?"

"Kawu?" Muryar yarinyar ta karye. "Ka sani, kuma ka bar su?"

Bai iya kallonta ba. Maigida ya dafa gwiwa zai tashi.

Sai ƙofar gida ta yi ƙara. Inna ce, da rigar aikinta, jaka a kafaɗa. Ba ta yi wa kowa sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye jakar a kan baranda, ta tuɓe silifa, ta miƙa wa Kumfa hannu. Ya cire takalmin ya ba ta, bai san dalili ba. Ta zura ƙananan ƙafafunta, ta bi jikin bango har bakin ɗan ɗakin, ta juya wa jama'a baya.

Ta taho. Taku biyu, ta haɗa ƙafa. Taku biyu, ta haɗa ƙafa. Sabon sawu yana fitowa a gefen tsohon, kamar da ma'auni ɗaya aka yanka su. A haka har ta iso baranda.

"Uwa ce," in ji Tela, amma muryar ba ƙarfi. "Ɗaukar wa 'yarta take yi."

Inna ta zuge jakar, ta fito da littattafan rubutu, ta jera su a kan benci kusa da Maigida. Suna warin hayaƙi, gefen na sama ya ɗan yi baƙi, amma goma sha ɗaya ne cif.

"Don me, baiwar Allah?" in ji Maigida.

Mai Sawu ya so ya tare ta, ya ce ba dole ba ne. Ta riga shi.

"Mutumin da ya sa riga a juye, Tela, wanda ka yi wa dariya har da riƙe ciki. Mijina ne. Mai gyaran agogo ne, hannunsa ba ya rawa, mutane daga nesa suke kawo masa aiki. Ciwo ne ya same shi, ba wani abin bauta ba. Shekara goma ina ɓoye wannan maganar, yau ga ta na ba ku. Ku riƙe, ku bar min 'yata a ɗakinta."

Tela ya cire abin awon daga wuyansa, ya naɗe shi, ya warware, ya rasa inda zai sa ido. "Wallahi ban sani ba, Inna. Da na sani..."

"Na san ba ka sani ba."

Maigida ya tashi, makullansa suna ƙara. "Wannan maganar uwa da 'ya ce, ba ta gidan haya ba. Ke, mayar da akwatinki ciki. Wanda kuma yake son tashi saboda gishiri a shayi, ƙofa a buɗe take."

Mutane suka watse a hankali, kowa yana neman abin da zai yi da hannunsa. Mai Sawu ya zauna a ƙarshen benci.

'Yar Alƙalami ta zo ta tsaya gaban littattafan, ba ta taɓa su ba.

"Wurin wuta kika kai su, Inna."

"Na kai. Na tsaya har gashin hannuna ya babbake. Ban iya karatu ba, ban san wanne babanki yake ciki ba. Sai na ga in na jefa, shi zan jefa."

"Ba don a yi masa dariya na rubuta ba. Fuskarsa ce ta fara ɓace min, na ji tsoro." Ta share hanci da bayan hannu. "Ba zan cire shi ba, Inna. Gara in gaya miki yanzu."

"Ban ce ki cire ba. Ki ɗauko wanda yake ciki, mu shiga ɗaki, ki karanta min ni kaɗai. Akwai inda kika yi masa ƙarya."

"Ƙarya? A ina?"

"Kin ce har sunan matarsa ya manta."

"Ai ya manta. Baiwar Allah yake ce miki, ina ji."

"A gabanku." Inna ta sunkuya tana cire takalmin, ɗaya bayan ɗaya. "In kin tafi makaranta, ina aske masa gemu, da sunana yake kirana. Har ranar ƙarshe. Ɗauko alƙalaminki, ki gyara wurin."